Motocin Kawuna Suna Amsa wa Kowa

Hajiya Zuhra, don girman Allah ki agaza mini da shawara, kuma ki hanzarta, domin mas'alar da ke gabana ba mai jira ba ce. Ina gaishe ki gaisuwar girmamawa, tare da fatan ke da ma'abota wannan fili kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ni matashi ne ɗan Matameye, mai riƙe da digirin lisans a fannin anformatik, wato ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa da rubuta manhaja. Ba fahariya ba ce idan na ce kundin kammala karatuna ya girgiza malamaina. Na rubuta shi ne a kan tsaron motocin zamani, waɗanda ke haɗe da rezo, wato hanyar sadarwa, suna karɓar umarni daga nesa, har wasunsu suna tuƙa kansu a manyan biranen duniya. Natijar bincikena a taƙaice ita ce: duk motar da za a iya yi wa magana daga nesa, to maƙiyi ma yana iya yi mata magana. Na ɗauka wannan ilimi sai na bar ƙasa zan ci moriyarsa. Ashe mas'alar tana fake a ƙofar gidanmu.

Kawuna Alhaji Sa'adu, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe mu ni da yayana Hashimu tun rasuwar mahaifinmu. Yana da motocin haya masu jigila tsakanin Matameye da Kano ta hanyar iyakar Ɗan Barto, kuma akasarin fasinjojinsa 'yan ci-rani ne. Shi ke kai su idan an gama girbi, shi ke maido su idan hadari ya fara haɗuwa. Shekarun baya aka sace masa mota ɗaya, sai ya kira wani mai haɗa wutar mota daga Damagaram ya sanya wa sauran abin da ake kira balis. Ɗan akwati ne da bai wuce girman sabulu ba, ana ɓoye shi a gaban mota, da layin salula a cikinsa. Idan ka aika wa layin saƙo tare da kod, wato lambar sirri, nan take zai amsa maka da wurin da motar take.

Har zuwa nan babu aibi. Ga inda aibin ya shigo. Wata rana ɗaya daga cikin motocin ta lalace a bayan Daura, wayar direba kuma ta mutu, sai jita-jita ta cika gari cewa an yi hatsari. Mata suka taru a ƙofar gidan Kawu, wasu da goyo, wasu ko mayafi ba su tsaya gyarawa ba. Kawu ya fito, ya aika saƙo, ya nuna musu cewa mota tana tsaye lafiya a bakin wani ƙauye. Da ya ga yadda hankalinsu ya kwanta, sai tausayi ya kama shi, ya karanta musu lambar layin kowace mota da kod ɗin da bakinsa, ya ce daga yau kada wadda ta sake zubar da hawaye a kan motarsa, ta tambayi motar da kanta.

Hajiya, yau babu gidan ɗan ci-rani a unguwarmu da ba a san lambobin nan ba. Sun bi gidajen suna da na biki, sun kai Tsauni, sun kai Icirnawa. Na ga an rubuta su da gawayi a bangon madafa. Har kalma aka ƙirƙira, sai ki ji mace ta ce bari ta tambayi mota. Najaha, matar yayana, ita ta fara nuna mini, tana dariya. Ta ce ba ta ɗora tukunya sai mota ta gaya mata an wuce iyaka, kuma motar ta fi Hashimu gaskiya, domin shi sai ya ce ga shi nan kusa alhali ko tashar Kano bai bari ba.

Ni kuwa ban yi dariya ba. Na duba akwatin, na nemo littafin bayaninsa, na yi masa tahalili irin na masana. Abin da na gano ya sa gabana ya faɗi. Da farko, kod ɗin nan shi ne wanda masana'anta ta saka, ba a taɓa sauya shi ba. Na biyu, kuma mafi muni, akwai wata waya da ta fita daga akwatin ta nufi famfon mai. An saka ta ne domin idan an sace mota a kashe ta daga nesa. Wannan kod ɗin da ke bangon madafa, idan aka haɗa shi da wata kalma daban, shi ke yanke mai. Kuma akwatin ba ya tantance mai aiko saƙo, duk wanda ya yi masa magana ubangidansa ne.

Ni mutum ne mai bin ƙa'idar ilimi, ba na yanke hukunci sai da hujja. Saboda haka wata safiya, ana wanke ɗaya daga cikin motocin a tasha, injinta yana aiki, na koma gindin bishiya na aika saƙon. Ta yi tari ta mutu. Direban ya fito yana tsine wa mai sayar da man kwalba, yana cewa an haɗa masa da ruwa. Na aika saƙo na biyu, ta tashi. Babu wanda ya san abin da ya faru sai ni. Na koma gida bayan na ga nazariyyata ta tabbata a aikace.

Ranar nan bayan la'asar na tafi shagon Kawu, inda yake zama da abokansa 'yan kasuwa. Na ga dacewar a yi maganar a gaban shaidu domin ta yi nauyi. Na yi bayani mai tsari, da gabatarwa da hujjoji da kammalawa. Na ce tsarin tsaron motocinsa rusasshe ne tun daga tushe, cewa raba lambar sirri ga jama'a sakaci ne da ilimi ba zai lamunta ba, kuma duk mai salula a ƙasar nan yana iya tsayar masa da mota a tsakiyar daji. Na buƙaci a sauya kod nan take, a hana kowa sai shi.

Kawu ya saurare ni yana jan carbi har na gama. Sannan ya tambaye ni ko a jami'a an koya mana yadda ake ƙwace abin da aka riga aka bayar. Ya ce shi tun da yake bai taɓa kulle zaurensa ba, kuma bai taɓa yin kyauta ya aika a karɓo ba, balle kyautar da ya yi wa matan mutane a ranar kuka. Ya ce in nuna masa mace ɗaya a Matameye da za ta kashe motar da ke ɗauke da mijinta. Wani abokinsa ya ce ai yaran yanzu idan suka dawo da takarda sai sun nemo wa gari ciwo domin su sayar da magani. Aka yi dariya. Kafin magariba an raɗa mini suna Mushe Danje, wato Malam Haɗari da Faransanci, wai mai ganin haɗari a ko'ina, kuma yau ko mai shayin tasha da shi yake kirana, yana tambayata ko butarsa ma tana da kod.

Ban damu da sunan ba, tarihi cike yake da masanan da aka yi wa ba'a. Abin da ya hana ni sukuni shi ne lokaci. Bazara ta yi nisa, gabas ta fara baƙi, 'yan ci-rani sun fara dawowa. Motocin nan suna shigowa a danne, buhunan taki da katifu da kekunan ɗinki a sama, maza a ciki da guminsu na rani guda. Ba sai na yi miki bayanin halin da hanyoyi suke ciki a wannan zamani ba. Mugu ba ya buƙatar ya gindaya itace a kan kwalta. Zai tambayi mota inda take, ta gaya masa, ya jira ta iso inda yake so, ya kashe ta. Ko ma ba mugu ba, wani ya yi kuskuren kalma motar tana tsakiyar wuce tirela. Kuma Hashimu ya bugo waya ya ce a cikin 'yan kwanakin nan zai taso, a motar Kawu, kamar kullum.

Na kasa zama wuri ɗaya. In tafi tasha in dawo, in sake komawa ba tare da dalili ba. Duk wanda na gani ya sunkuya a kan salula sai in tsaya ina kallonsa. Na buɗe na'urata domin in yi aiki, sai in tarar ina sake karanta littafin akwatin nan da na riga na haddace. Mahaifiyata ta ce na rame, ta ce in bar manya da harkarsu, in je in ba kawuna haƙuri tun bai riƙe ni a zuci ba. Haƙurin me, Hajiya? Don na faɗi gaskiya?

Hanyoyi biyu nake juyawa a raina. Ta farko, tun da akwatin yana biyayya ga kowa, ina iya sauya kod ɗin dukan motocin daga ɗakina, in mai da lambata ita kaɗai ce mai iko, ba tare da na sanar da kowa ba. Ta biyu, ranar kasuwa, lokacin da Kawu zai ratsa ta tsakiyar jama'a a motarsa ta hawa, wadda ita ma akwai balis a cikinta, in kashe ta a gaban waɗanda suka yi mini dariya, sannan in tako in tashe ta da yatsa ɗaya. A ganina hujjar da ido ya gani ta fi wadda kunne ya ji. Na fi karkata ga ta biyu, amma wani abu yana riƙe ni, kuma ban san sunansa ba.

Ga sunan akwatin da kalmar da ke kashe injin na rubuto miki a ƙasa, domin ki tabbatar ba shaci-faɗi nake yi ba. Wace hanya zan bi kafin yayana ya shiga motar nan?

Naki,
Injiniyan da ba a saurara, Matameye.

Amsa

Ɗana, na karɓi wasiƙarka, kuma saboda gaggawarta na aika maka da wannan amsa kai tsaye kafin ta fito a fili. Masu karatu kuma su sani na sauya sunaye, na kuma goge layinka na ƙarshe. Ka tsaya a nan ka yi tunani: kalmar da kake tsoron ta faɗa hannun mugu, kai da kanka ka rubuto ta zuwa ga jarida. Son a yarda da kai ya fara rinjayar tsoron da kake ji wa yayanka, kuma wannan shi ne abin da za ka fara yi wa linzami.

Kana da gaskiya. Na kai bayaninka wurin wani masanin irin waɗannan na'urori, ya ce abin da ka gano haka yake, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Kada ba'ar mai shayi ta sa ka yi shakka, kada kuma ka yi shiru.

Amma kawunka ma bai yi wauta ba. Ya ga mata suna kuka a ƙofarsa, ya share musu hawaye da abin da ke hannunsa, kuma shekara da shekaru abin yana aiki. Kai kuma ka zo gaban abokansa ka kira wannan alheri sakaci, ka ce ya janye shi. A wannan zama babu amsar da ta rage masa sai wadda ya ba ka. Ko da ya gamsu a zuciyarsa, ba zai ce wa ɗan ƙanwarsa ya yi daidai ba alhali 'yan kasuwa suna kallo. Ka kuma lura, a wannan zaman ne mutane da yawa suka fara jin cewa ana iya tsayar da motocin daga nesa. Jawabinka ya ƙara wa lamarin gaggawa.

Hanyoyinka biyu duka ka ajiye su. Kashe mota a cikin kasuwa, ga amalanke ga yara ga dabbobi, wasa ne da rayuka, kuma darasi ne kyauta ga duk wanda bai sani ba. Ko da ta tsaya lafiya, ka tozarta mutumin da ya raine ka, kuma daga ranar ba zai sake sauraronka ba ko da wuta ka gani. Sauya kod a ɓoye kuwa ƙwace ne, ko da niyyarka mai kyau ce. Washegari mata za su tambayi mota ta yi shiru, jita-jitar hatsari ta tashi, su sake cika ƙofar gidansa, shi kuma ya kira mai haɗa wuta a mayar da komai yadda yake, a cire ka daga maganar gaba ɗaya. Gwajin da ka yi a tasha ma kada ka maimaita shi a kan motar da ba a ba ka izini ba.

Kuskurenka shi ne ka haɗa abubuwa biyu ka ɗora masa a lokaci guda. Akwatin yana faɗin inda mota take, yana kuma yanke mai. Kyautar da kawunka ya yi wa mata ita ce ta farko. Bai taɓa ba su ikon kashe mota ba, bai ma san ya bayar ba. Don haka kada ka roƙe shi ya karɓe kyautarsa. Ka roƙe shi abu ɗaya tak: a cire wayar nan da ke zuwa famfon mai, a kowace mota, kafin ta sake fita. Masanin ya ce aikin ɗan lokaci ne ga mai haɗa wuta. Najaha za ta ci gaba da tambayar mota, babu wanda zai ga an sauya wani abu. Idan Alhaji ya ce to ɓarayi fa, ka amsa masa da ladabi cewa hasarar mota ta fi sauƙi a kan mota cike da mutane ta mutu a daji, kuma daga baya ana iya mayar da wayar ta hanyar da lambarsa kaɗai za ta yi iko da ita, idan akwatin yana da wannan dama.

Yadda za ka je ya fi abin da za ka faɗa muhimmanci. Ka bi maganar mahaifiyarka, ka ba shi haƙuri. Ba don ka yi ƙarya ba, sai don ka yi maganar gida a bakin shago. Ka roƙe ta ta raka ka, ƙanwarsa ce, ta san lokacin da yake da sauƙi, kuma ɗanta ne zai shiga motar. Ku same shi a cikin gida, babu baƙo. Ka bar tahalili da nazariyya a ɗakinka. Ka roƙi izini a tayar da motarsa a tsakar gida tana tsaye, ka karɓi wayar mahaifiyarka ka rubuta saƙon, ka miƙa masa ya danna da yatsansa. Idan injin ya mutu, kada ka ce uffan. Ka bar shi ya zama shi ne ya gano, shi ne kuma zai ba da umarni.

Ɗaya aikin akwatin, wato kowa ya san daidai inda mota take, shi ma haɗari ne, amma yana iya jiran a rufe babbar ƙofa tukuna. Nan ne iliminka zai yi amfani. Ka zauna da Najaha da maƙwabtanta ka tambaye su abin da suke bukata. Ina zaton ba su damu da sanin gindin bishiyar da mota take ba, so suke su ji ta wuce Daura, ta tsallaka iyaka, tana lafiya. Ka rubuta manhajar da za ta ba su wannan kaɗai, ta amsa wa lambobin da aka sani kaɗai, sannan ka kai wa kawunka ya raba da hannunsa da sunansa. Mutumin da ba ya karɓe kyauta ba zai ƙi ƙara wata a kanta ba. Bayan nan sai a sauya tsohon kod ba tare da an bar kowa cikin duhu ba.

Idan kuma duk da haka ya ƙi, to akwai haƙƙin da ya wuce kunya. Ka gaya masa a fuskarsa, cikin girmamawa, cewa za ka sanar da direbobinsa da Hashimu, domin rayukansu ne, su zaɓa da saninsu. Ka sanar da su a keɓe, ba tare da ka koya wa kowa kalmar ba. Amma ban zaci za a kai nan ba. Wanda ya fito ya lallashi matan mutane ba zai so a maido masa da mazansu a kan tabarma ba.

Wataƙila babu wanda zai taɓa sanin kai ne ka yi wannan aiki. Za a cire waya a cikin gida, mota ta iso, Hashimu ya sauko da kayansa yana ƙorafin zafi, a tasha kuma a ci gaba da tsokanarka. A sana'ar da ka zaɓa, ranar da babu abin da ya faru ita ce ranar nasara, kuma gara ka saba da ita tun yanzu. Kada ka jira ranar kasuwa, ka tashi ka sami mahaifiyarka yau. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya daidaita tsakaninka da kawunka, ya kawo matafiya gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Hajiya Zuhra